Kawu da Jan Kifin Nansha

Shekarar da ƙanƙara ta tsayar da jiragen ƙasa, har mutane suka cika filin tashar Guangzhou suna jiran abin da zai kai su gida bikin sabuwar shekararsu, ita ce shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing. Ita ce kuma shekarar da muka rasa Kawu. Da sanyinta yana tare da mu, da zafinta ya koma gida, da azuminta aka bugo waya daga Yawuri.

Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, shi ya ɗauki wayar a shagonmu na ɗaure kaya da ke bayan titin Guangyuan. Muna naɗe kwalaye da salatif, saura kaɗan a sha ruwa. Ya saurara, ya yi salati, ya ajiye wayar a kan sikeli. Ya juyo gare ni ya ce, "Baba ne."

Kafin a kira magariba shagon ya cika. Kanawa masu sayen yadi suka zo da ledojinsu a hannu, mutanen Maraɗi da Yamai suka zo, har da wani ɗan Zangon Kumasi da Kawu ya taɓa ɗaure wa kaya sau ɗaya. Matar da ke sayar mana da salatif, 'yar ƙasar, ta ga taro ta leƙo. Da aka yi mata bayani ta koma ta kawo lemo cikin kwando, ta ajiye a kan kujerar da Kawu ke zama.

Na ƙarshen zuwa shi ne mahaucin nan na Maraɗi mai kawo mana naman halal. Abokin wasan Kawu ne, don mu Sarkawa ne, masunta, kuma tsakanin masunci da mahauci babu gaisuwa sai da tsiya a ciki. Ya shigo ya zauna a kan kwali, ya dubi kowa, ya ce, "Mai ƙarni ya tsere ke nan. Ya tahi bai bari na rama ba." Mutane suka yi dariya da hawaye a ido. Shi ma ya fara dariyar, sai ya cire hula ya rufe fuska da ita, bai buɗe ba har aka raba dabino.

'Ya'yan Kawu sun tambaye ni yadda mahaifinsu ya zauna a nan. Ban daɗe da koyon rubutu ba, don haka a hankali nake yi, amma abin da na gani da idona zan faɗa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya sa yake kirana ɗan Yaya ko da furfura ta fara fito mini. A bakin kogin Kwara aka haife shi, ya yi sana'ar su har ya manyanta, kafin kasuwa ta ja shi Kano, daga Kano surukinsa ya kawo shi nan ya riƙa duba mana kaya. Ɗaurinsa daban ne. Kwalin da Kawu ya ɗaure da igiya, ko a Legas aka jefo shi daga kan mota ba ya buɗewa, don ƙullin taru yake yi masa. Lokacin cunkoson tashar nan, shi ya kwashe tsofaffin kwalayenmu duka ya kai wa mutanen da ke zaune a kan siminti cikin ruwan sama. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Miƙawa kawai yake yana cewa, "Shimfiɗa, shimfiɗa." Ya dawo babu rigar sanyinsa, ya ce wai ta yi masa nauyi.

Yana da doka ɗaya da ya gada: Basarke ba ya sayen kifi, ba ya cin wanda aka saya. Abin da hannunsa ya kama, ko wanda wani masunci ya ba shi daga cikin jirgi, shi ne nasa. A Kano dokar ba ta dame shi ba, yana zuwa gida ya ci ya ƙoshi. Amma Guangzhou gari ne da kifi ke iyo cikin gilashi a ƙofar kowane gidan abinci. Kawu yakan tsaya ya sa hannu a baya yana kallonsu, ya ce, "Sannunku da zaman kurkuku." Sai ya wuce ya ci shinkafa da naman mahauci.

Mahaucin kuwa abin nema ya samu. Duk ranar da ya kawo nama sai ya ɗaga murya tun daga ƙofa.

"Ina Sarkin Ruwa? Ga abincinka na kawo. Ka ci ka gode ma Rundawa."

"Kore ƙudanka ka shigo," in ji Kawu.

"Ƙudana sun hi ka aiki. Su aƙalla suna kama wani abu."

Wata rana muka je tashar jiragen ruwa ta Nansha duba kwantenar da ta maƙale. Muna jira, Kawu ya bi wata hanya ta bayan gonakin ayaba, na bi shi. Muka fito bakin wani rafi na ruwan gishiri, inda itatuwa suka tsiro cikin ruwa, saiwoyinsu a waje a sarƙe. Wani tsoho yana zaune cikin ƙaramin jirgi. Ya ɗago mana wani kifi ta bakinsa, ja kamar sabuwar tagulla, bayansa ya fi duhu, da haƙora biyu a gaba irin na kare. Ko da yake a hannu yake, yana ta datse baki, ƙas, ƙas. Tsohon ya ce sunansa hungyau. Kawu bai taɓa iya faɗin sunan ba. Ɗan saiwa ya raɗa masa, don tsohon ya nuna mana da yatsa cewa cikin saiwoyin nan yake zama.

Tsohon ya miƙa masa kifin kyauta. A doka ya halatta ya karɓa. Kawu ya dafa ƙirji ya ce shiye-shiye, wato na gode, ya ƙi. A mota ya ce mini, "In na karɓa, me zan gaya wa mai ƙuda? Da hannuna zan fito da shi."

Kuskuren da ya yi shi ne faɗin haka a shago, a gaban mahauci da mutane.

Daga nan duk Lahadin da babu lodi muna Nansha. Tsohon, wanda muke kira Lawban kamar yadda ake kiran duk mai abu a nan, yana ba mu aron jirgi da jatan lande masu rai cikin bokiti, don ɗan saiwa ya fi son abin da ke motsi. Ya ba Kawu sandar fatsa mai injin naɗe zare, Kawu ya juya ta ya mayar. Zarensa ya naɗe a jikin ɗan katako, a hannu, yadda ake yi a gida.

Ranar farko mun ɗaure jirgi a bakin gaɓa, muka hau tudu muka yi azahar muka ci abinci. Da muka dawo jirgin na zaune a kan laka, ruwa ya yi nisa. Kawu ya riƙe ƙugu.

"Ɗan Yaya, je ka tambayi Lawban, wa ya buɗe musu dam babu sanarwa?"

Na je na yi ta nuni da hannu. Lawban ya yi dariya har ya zauna. Ya nuna lakar ya ce meyo, babu. Ya nuna rana, ya karkatar da hannu, ya kwaikwayi ruwa yana dawowa. Muka zauna muna jira, ruwan kuwa ya dawo da kansa. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ruwan da zai tafi ya dawo a yini guda, ai wannan ɗan kasuwa ne."

Bai daɗe ba ya gane ruwan. Ya gane cewa kifin ba ya ci sai ruwa na tafiya, musamman in ya fara janyewa yana kwaso ƙananan abubuwa daga cikin kurmi. Ya gane cewa ya fi ci da zafi, kuma sai an jefa ƙugiya dab da saiwa, in ta faɗi nesa da taku biyu ko kallonta ba ya yi. Kifin yana ci kuwa. Fizga ɗaya zai yi, zare ya yi gudu, sannan ya saki. Kawu ya jawo, babu kifi, babu ƙugiya.

Abin da ke faruwa shi ne, Kawu da giwan ruwa ya saba. Mahaifinsa ya koya masa cewa babban kifi baƙo ne, in ya ɗauki abinci a sakar masa zare ya taka, ya gaji, sannan a jawo shi da lallami. A Kwara akwai fili, kifi zai yi gudunsa ya dawo. Haka Kawu ya yi ta yi a Nansha, yana sakin zare da ladabi, kifi na tafiya da ƙugiya.

Kowace Litinin mahauci na bakin ƙofa. "Ina romon? Na zo da kwanona." Wata rana har ya kawo wa Kawu gwangwanin sadin ya ce ya gwada fatsarsa a ciki.

A nan rigima ta shigo. Surukin Kawu mutum ne mai tausayi, ya ga abin yana cin Kawu. Ya je kasuwar kifi ya sayo ɗan saiwa mai rai cikin bokiti, ya ajiye a bayan shago, ya ce mini in gaya wa Baba a asirce, a ce daga Nansha ya fito, a rufe bakin mahauci. Na gaya masa. Kawu ya je ya leƙa bokitin. Ba zai iya yi wa suruki faɗa ba, akwai kunya a tsakaninsu. Sai ya juyo kaina, da murya yadda na cikin ofis zai ji.

"Kai ɗan Yaya, kai ne marar hankalin da ya sayo wannan?"

"Kawu, ba ni ba ne."

"Na san kai ne. Mutumin kirki, mai ilimi, wanda na ba 'yata, ba zai yi wannan ba. Sai irinka. Dubi bakinsa, babu ko huda. Dubi wutsiyarsa, ta goge a jikin gilashi. Ni za a ba ɗan kurkuku in ce na yi yaƙi?"

Na sha faɗa har na ƙoshi, surukin yana ofis yana ta danna kwamfutar da ba a kunna ba. Kifin matar salatif aka ba. Kwana da kwanaki Kawu yana amsa gaisuwar suruki da kalma ɗaya, har ranar da surukin ya ajiye masa sabon zare mai kauri a kan kujera. Kawu ya ja zaren da haƙori ya ce, "Wanda ya zaɓo wannan ya san abin da yake yi." Shi ke nan aka shirya.

Wata Lahadi da ruwa ya janye sosai, Kawu ya naɗe wando ya shiga laka har gwiwa, ya je gindin itatuwan da yake jifa. Ya kira ni. Saiwoyin duk sun lulluɓe da kawa, ƙwanson nan mai kaifi kamar aska. Ga guntayen zarensa a rataye a jiki, ya gane su da ƙullinsa. Ya tsuguna ya leƙa wani rami a ƙarƙashin saiwa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ashe ba gudu yake ba. Ƙofar ɗakinsa nake kai masa abinci. Yana fitowa ya wuce abincin, ya juyo, ya ɗauka yana fuskantar gida. Ni kuma ina sakar masa zare ya shiga ya rufe ƙofa."

Maganin a fili yake: kada a ba shi ko taƙi ɗaya, a riƙe tun fizgar farko, a juyo da kansa. Kawu ya faɗa da bakinsa. Amma da kifi ya fizga, yatsunsa suka buɗe da kansu. Ya sake, suka sake buɗewa. Ya dubi hannun ya ce, "Wannan hannun na mahaifina ne, ba ya jin maganata."

A lokacin ne maganar biza ta yi tsanani saboda wasannin. Mutanenmu da yawa suka fara haɗa kaya. Ta Kawu ta zo ƙarshe, ba a sabunta ba, aka yanki tikiti. Lahadi ɗaya ta rage masa. Ya san in ya hau jirgi haka, labarin zai riga shi isa Kano, ya wuce har Yawuri: Basarken da ya je ƙasar kifi ya dawo da naman Rundawa a ciki.

Ranar Asabar ya tura ni in kira mahauci. Ya zo yana goge hannu.

"Mi ya faru? Wasiyya za ka bari?"

"Zauna, mai ƙuda. In bijimi ya fizge zai gudu, ya kake yi?"

"Mi za ni yi? Riƙewa. Ka ba sa igiya, ka neme shi cikin kasuwa."

"Gobe ka zo ka riƙe mini hannu."

Mahauci ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Kawu, ya rufe. Ya ce, "Ni ban iya ruwa ba."

"Ɗan Yaya zai tsamo ka. In bai iya ba, an rage mugun iri."

Da safe muka tafi mu uku. Mahauci ya shiga jirgi da rarrafe, ya riƙe gefe da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya sani. Zafi ake yi mai nauyi, hadari na taruwa daga teku. Na tuƙa mu zuwa wurin, na riƙe jirgin da sanda. Kawu ya naɗe tafinsa da tsumma, ya soka jatan lande ta wutsiya don ya ci gaba da motsi, ya jira ruwa ya fara janyewa. Ya jefa dab da ramin. Mahauci ya matso ta baya ya rufe dunƙulen Kawu da hannunsa, hannun da ke kayar da bijimi.

Mun jira har mahauci ya fara cewa ƙafarsa ta mutu. Sai zare ya yi ƙara. Na ga yatsun Kawu suna neman buɗewa a ƙarƙashin na mahauci, mahauci ya matse.

"Sake ni, zai tsinke," in ji Kawu.

"Ban saki."

"Ka karya mini yatsu."

"Ka tahi gida da su a karye. Ja."

Jirgin ya karkata, na danna sanda cikin laka da duk ƙarfina. Zaren bai tafi ba, bai zo ba. Sannan ruwa ya yi ja a gaban saiwa, kifin ya juyo. Da ya rabu da saiwa sai mahauci ya cire hannu, Kawu ya ci gaba shi kaɗai, hannu bayan hannu, yana yi wa kifin magana a hankali kamar mai lallashin jika. Ya ɗago shi cikin jirgi. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Yana faɗowa ya datse baki kusa da ƙafar mahauci, mahauci ya haye kan bokiti, jatan lande suka watse.

Kawu ya ajiye zaren. Ya wanke fuska da ruwan gishirin, ya zauna yana kallon kifin yana murmushi. Da muka fito Lawban ya duba hudar ƙugiya a leɓen kifin, ya ɗaga babban yatsa.

Da yamma aka yi liyafar bankwana a shago. Kawu da kansa ya dafa, da yaji da daddawar da ya ɓoye tun zuwansa. Kifi ɗaya ne, mutane da yawa, kowa ɗan yanki ya samu, amma romon ya isa. Namansa fari ne tas, mai zaƙi, ba ƙaya da yawa. Kawu ya ci nasa a hankali, ido a rufe. Wani Bakano da ya ji cewa mahauci ya bi mu ya ce, "To wai tsakaninku wa ya kama?"

Kawu ya ajiye cokali, na ga zai faɗi gaskiya. Mahauci ya riga shi, baki cike.

"Kai, kiyaye ni. Ni Barunje ne ɗan Barunje, mi ya haɗa ni da ƙarni? Na bi shi in ga ƙarya, ban gani ba. Shi ya kama abinai. Kar wanda ya kai ma mutanen Maraɗi labarin na taɓa zaren su."

Aka fashe da dariya. Kawu ya ɗauki kan kifin, wanda a gidanmu na mai kamu ne, ya sa a kwanon mahauci ya ce, "Ci, ko ka yi hankali." Mahauci ya cinye har ido, yana cewa babu daɗi.

Mun raka shi filin jirgi na Baiyun da tafinsa a ɗaure. Mahaifiyata ta ce da ya isa Yawuri duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya nuna masa sawun zaren kafin ya amsa gaisuwa. Ya tara masuntan unguwa ya yi musu bayanin ruwan da ke tafiya ya dawo, ba su yarda ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi cikin azumi, bai daɗe ba. Ta ce ya cika da safe, cikin hankalinsa, da kalmar shahada.

Kafin in rubuta wannan na nemi izinin mahauci, tunda sirrinsa ne. Ya ce, "Rubuta. Amma ka ce tsoron faɗawa ruwa ya sa na riƙe shi." Na rubuta yadda ya ce.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya janyewa. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya shida, da jikoki. Mahaifiyata ta rasa ƙanenta na ƙarshe, yanzu ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Gidanmu ya rasa mutum na ƙarshe da ya iya saƙa koma ta kamun kifi tun daga zare. Mu kuma a Guangzhou, cikin duk Hausawan da ke shiga da fita garin nan, mutum ɗaya ne ya taɓa fito da ɗan saiwa daga ɗakinsa, shi ne muka rasa.